Kafin ka sayar da garke ka sayi motar haya

Darasinmu na wannan karo a kan mota yake, ƙaramar bas mai shan gazuwal wadda ake saye ta hannu don jigilar fasinja. Wani zai ce, me ya kawo zancen mota a shafin lafiya da noma? Dalili biyu ne. Na farko, kuɗin da ake sayen motar haya da su a nan yankin, galibi daga rumbu da garke suke fitowa. Mutum ya sayar da bijimai da raguna, ya haɗa da kuɗin wake, ya haɗa da abin da ɗansa ya aiko daga ci-rani a Libiya ko Aljeriya, ya danƙa wa dillali. Na biyu, waɗanda ke shiga motar mu ne da iyalanmu: mai zuwa cin kasuwa, da ɗan makaranta, da majinyacin da za a kai babban asibitin Damagaram.

Sayen mota ba laifi ba ne. Akwai gidajen da ta riƙe shekara da shekaru. Akwai kuma gidajen da ta cinye musu garke, ta ƙare a ƙofar gida bisa duwatsu, kaji na yin ƙwai a cikinta. Abin da ya raba gidajen nan biyu, yawancinsa tun ranar ciniki ake yanke shi.

Fara da hanya

Kafin ka tambayi kuɗin mota, tambayi kanka hanyar da za ta bi. Hanyar kwalta guda ce ta ratsa ƙasarmu, wato hanyar ƙasa mai lamba 11, wadda ta taso daga Damagaram ta bi ta Bakin Birji da Sabon Kafi ta iso Tanut, ta wuce Adarbisanat har Agadas. Tsakanin Tanut da Damagaram kimanin kilomita 140 ne. A kan wannan hanya ƙaramar bas tana jin daɗi.

Da zarar ka sauka daga kwalta, magana ta sake. Belbeji ta zama gunduma mai cin gashin kanta a shekarar 2011, bayan an cire ta daga gundumar Tanut, amma ƙauyukan Tarka da na Gangara da na Tenhiya suna nan inda Allah ya ajiye su, cikin rairayi da tudu da kwari. Ƙaramar bas cikinta kusa da ƙasa yake, kuma yawancinsu ƙafafun baya kaɗai ke tura su. Da rani ta kafe a rairayi, da damina ta kafe a fadama. Shi ya sa kuke ganin tsofaffin Land Cruiser masu buɗaɗɗen baya su ke cin kasuwannin daji. Wanda garinsu ke nesa da kwalta, ya yi wannan tunani tun kuɗinsa na aljihu.

Ka je tasha kuma, ka zauna wuni guda. Ƙidaya motocin da ke kan layi, ka ga nawa suka tashi kafin la'asar. Tambayi shugabannin sandikar direbobi yadda ake shiga layi da abin da ake biya. Mota na iya zama lafiyayya sarai, ta kwana biyu tana jiran layi ya zo kanta.

Daga ina suke zuwa?

Kusan duk motocin nan sun gama wani aiki a wata ƙasa kafin su iso mu. Daga Turai ake lodo da yawansu a jirgin ruwa. Shekaru da dama ta tashar Kwatano suke shigowa, wasu ta Lome. Bayan sauyin mulki na watan Yuli 2023 an rufe iyakarmu da Binin, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin kawowa ya ƙaru. Wasu motocin kuma daga Nijeriya ake tsallako da su, wasu sun riga sun shekara goma suna haya a Maraɗi ko Yamai, an yi musu sabon fenti.

Wadda aka fi sani ita ce Toyota Hiace. Masu tsohon fasali, waɗanda aka ƙera tsakanin 1989 da 2004, injinansu na gazuwal ana kiran su 2L da 3L da 5L. Injina ne marasa wayo da yawa, makanikanmu sun san cikinsu, kayan gyaransu kuma ana samu a Damagaram da Kano. Masu sabon fasali, daga 2004 zuwa sama, da yawansu na da inji mai aiki da kwamfuta. Sun fi ƙarfi, ba su kai tsofaffin shan mai ba, amma ba sa yafe gurɓataccen gazuwal, kuma in suka tsaya a daji sai an nemo mai na'urar bincike. A ganinmu, mai sayen motarsa ta farko ya zaɓi wadda makaniken garinsu zai iya kwancewa ya ɗaura.

Ga abu biyu da ido ke gani tun daga nesa. A Nijar hannun dama muke bi, saboda haka sitiyari a hagu ya kamata ya kasance, ƙofar fasinja kuma a dama, wajen bakin hanya. Motar da aka yi don Japan ko Ingila sitiyarinta a dama yake, ƙofarta a hagu, sai ta riƙa sauke mata da yara a tsakiyar titi. Ka bar ta ko da an rage maka kuɗi. Na biyu, da yawa sun zo ne a matsayin motocin kaya marasa taga, a nan aka yanka tagogi aka yi waldar kujeru. Kama kowace kujera ka girgiza da ƙarfi. Wadda ke motsi a hannunka, ranar da aka taka birki da gaggawa za ta tsinke ta tafi da mutanen da ke kanta.

Ka zo da makanikenka

Kada ka je ciniki kai kaɗai. Kada ka dogara da makaniken da dillali ya kawo, domin shi ma yana da rabo a la'ada. Ka ɗauko naka daga gida, ka biya masa mota da abinci da ladansa. Wannan kuɗi bai kai na akuya ɗaya ba, ga shi zai tsare maka kuɗin shanu.

Ku je da sassafe, ku ce kada a tada motar sai kun iso. Ɗora hannu bisa inji. In ka ji shi da ɗumi, an riga ku, ku koma gobe. Injin gazuwal ba ya da tartsatsi irin na mai shan esansi. Matse iska yake yi har ta yi zafi ta kunna man. Injin da ya gaji ba ya iya matsewa sosai, shi ya sa yake wahalar tashi in ya kwana, amma in ya ɗumama sai ya ɓoye ciwonsa. Lafiyayye yana tashi bugu ɗaya ko biyu.

Da ya tashi, ka koma baya ka dubi hayaƙi. Hayaƙin mota kamar fitsarin majinyaci ne a wurin likita, launinsa na ba da labari.

Ɗan hayaƙi a farkon tashi, wanda ke ɗaukewa nan da nan, ba kome ba ne. Baƙin hayaƙi mai kauri yana nufin gazuwal ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Wani lokaci matatar iska ce ƙura ta toshe, wannan gyara ne mai sauƙi. Wani lokaci kuma famfon gazuwal ne ko bakunan da ke fesa shi suka lalace, wannan kuɗi ne masu yawa. Shuɗin hayaƙi yana nufin injin na ƙona baƙin mai, wato cikinsa ya cinye, ba da jimawa ba sai an sauke shi. Farin hayaƙin da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, sau da yawa ruwa ne ke shiga inda wuta take, ko kuma gazuwal ne ke fita bai ƙone ba.

Sai a buɗe murfin da ake zuba baƙin mai, inji na aiki. In hayaƙi na bulbulowa da ƙarfi kamar bakin tukunyar dambu, injin ya tsufa. A kashe, a zaro sandar awon mai. Baƙin mai baƙi ne a injin gazuwal, wannan ɗabi'arsa ce. Abin tsoro shi ne ka gan shi ya yi fari-fari kamar kunun gyaɗa. Ruwa ya gauraya da shi ke nan.

Tankin ruwan inji, wanda makanikai ke kira radiyata, a duba shi tun inji na da sanyi. A buɗe, a tada mota, a sa ido. In kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa, ko mai na yawo bisa ruwan, kan injin ya tsage ko abin da ke tsakaninsa da gangar injin ya ƙone. Irin waɗannan injina ba sa son zafi, ƙasarmu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafinta na wuce awo 40. Muna jan kunne a nan: kada kowa ya buɗe murfin radiyata inji na da zafi. Tafasasshen ruwa ne zai yi tsalle ya sale fuska da hannu.

Akwai wata ɗamarar roba mai haƙora a gaban injin, a rufe take, ba a ganinta. Ita ke daidaita motsin sama da na ƙasa. A tsofaffin injinan da muka ambata, ƙa'ida a sake ta duk kilomita 100.000. In ta tsinke mota na gudu, ƙarafan ciki su kan yi karo da juna, gyaran ya ninka kuɗin ɗamarar sau da yawa. Mai sayarwa zai ce maka bai daɗe da sake ta ba. Ka amsa masa da to, in ka saya ka sake ta a makon farko.

Lambar kilomita da ke gaban direba kuwa, kada ka ba ta amana. Ana mayar da ita baya. Dubi robar da ake takawa ta birki, da sitiyari, da kujerar direba. In sun suɗe sun yi santsi, ga lamba tana nuna tafiya kaɗan, ka san wanda ke ƙarya.

Shiga ƙarƙashi

Fenti ba ya ɗaukar fasinja. A Turai gishiri suke watsawa a hanya lokacin sanyi don ya narkar da ƙanƙara, gishirin nan kuwa cin ƙarfe yake yi daga ƙasa. Shimfiɗa buhu ka kwanta, da tocila da ɗan ƙarfe a hannu. Ƙwanƙwasa ƙashin bayan motar, wato shasi. Inda ya yi ƙara mai kyau, lafiya. Inda ya burme ko tsatsa ta zubo, ko ka ga tabon walda, a nan za ta karye ranar da aka ɗora mata buhunan gero. Dubi sifirin na baya ko akwai karyayye, dubi ƙasa ko mai na ɗiga.

Taya ma tana da ranar haihuwa, kuma ku da kuka koyi karatu kuna iya karanta ta. A gefenta akwai wasu lambobi huɗu a jere cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara shida robarta ta fara bushewa ko da zanenta bai goge ba, kwalta mai zafi da lodi mai nauyi su ke fasa ta. A nemi kuma harafin C a ƙarshen lambar girmanta, shi ke nuna an yi ta don ɗaukar nauyi.

Daga nan sai gwaji a hanya. Zagaya unguwa bai isa ba. A ɗebi mutane, a hau kwalta, a yi tafiyar rabin awa. Kowace giya ta shiga ba gurnani, kada ta fita da kanta. A taka birki a ga ko motar na fizga gefe guda. Idon makanike ya zauna kan allurar zafi. Mai mota da ya hana a yi wannan gwaji, ya riga ya ba ka amsa.

Takardu

A nan ne karatunku zai biya ku. Kowace mota na da lambar shasi, haruffa da lambobi da aka buga a jikin ƙarfenta, a motocin Turai guda 17 ne. Wannan lamba tana rubuce a kartigiris, takardar da ke nuna mai mota. Riƙe takarda a hannu, ka bi lambar ɗaya bayan ɗaya da yatsa. In ko harafi guda ya saɓa, ko ka ga alamar an kankare an sake bugawa, ka tashi ka kama hanyar gida. Motar sata in aka gano ta, karɓe ta za a yi, kai kuma ka shiga amsa tambayoyi a jandarmari.

Nemi takardar duwan da ke nuna an biya kuɗin shigowa da ita ƙasa. Motar da ke ɗauke da lambar Nijeriya ko ta wata ƙasa takan yi araha, domin wannan kuɗi na nan yana jiran ka. Je ofishin duwan da kanka ka tambayi nawa ne, ka haɗa da kuɗin saye, sa'annan ka san ko arahar gaskiya ce.

Sunan da ke kan kartigiris ya zama na wanda ke sayar maka, ko kuma ya nuna takardar wakilci. A rubuta takardar ciniki da sunanka da nasa, da lambar shasi, da kuɗin da aka biya, da shaidu, a kai meri ko komisariya a buga hatimi. Bayan haka ka mayar da kartigiris da sunanka, kada ka yi ta jinkiri. In ku biyu ko uku kuka haɗa kuɗi, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke, a rubuta rabon kowa, da wanda zai riƙe kuɗin shiga, da yadda za a yi in gyara ya taso. Mun ga zumuncin da gado bai raba ba, mota ta raba shi.

Saura asiransi, da binyat ta shekara, da takardar binciken lafiyar mota, da harajin sana'a. Asiransi tilas ce bisa doka, kuma ta motar haya dabam take da ta motar gida, domin dole ta ƙunshi fasinja. A dubi adadin kujerun da aka rubuta a ciki. Direba kuma ya kasance da farmi mai harafin D, na ɗaukar mutane da yawa. Farmi mai harafin B na ƙananan motoci ne.

Mu yi lissafi

Matatar mai ta SORAZ a ƙasarmu take, cikin karkarar Olelewa kusa da Bakin Birji. Ta fara aiki a watan Nuwamba 2011, an gina ta don tace ganga 20.000 a rana daga ɗanyen man Agadem. Kusancinta bai sa gazuwal ya zama kyauta ba, gwamnati ce ke tsaida farashi. A 2022 lita ta tashi daga faran 538 zuwa 668, a watan Yuli 2024 aka sauko da ita 618. A tuna, injin gidan mai da faran yake rubutu, mu kuwa da dala muke magana. Dala ɗaya faran 5 ce, jika ɗaya faran 1.000, wato dala 200.

Sauran lambobin da za mu kawo misali ne kawai, don a ga yadda ake lissafin. A ce mota na shan lita 12 a kilomita 100 in tana da lodi. Tanut zuwa Damagaram da dawowa kilomita 280, wato wajen lita 34. A farashin 2024, gazuwal ya ci jika 21. A ce kuɗin kujera jika 2 da rabi. An tafi da mutum 18, an samu jika 45. An dawo da mutum 10, an samu jika 25. Duka jika 70. Cire na gazuwal, saura 49. Cire na direba da karen mota da kamasho da kuɗin hanya da abinci, a ce jika 14, saura 35.

A nan ne masu mota da yawa ke ruɗuwa, su zuba jika 35 a aljihu su ce riba ce. A cikinta akwai kuɗin juyen baƙin mai, da taya, da batir, da birki, da takardun shekara. Waɗannan ba kullum suke zuwa ba, amma ba sa fashi. A ware musu jika 15 a kowace tafiya, a ajiye inda hannu ba ya kai wa da sauƙi. Saura jika 20. In layi na zuwa kanka sau uku a mako, tafiya 12 ke nan a wata, jika 240. In ka sayi motar miliyan 6, sai ta yi wata 25 tana aiki ba babban ciwo kafin kuɗinka su dawo. A cikin wata 25 ɗin nan akwai damina biyu, lokacin da mutane ke gona, tasha ta yi shiru.

Ka auna wannan da garken da za ka sayar. Saniya na haihuwa, mota kullum raguwa take yi. Gaskiya ne fari na kashe dabbobi, dattawan Damargu ba su manta 1973 da 1984 ba, kuma mai raba dukiyarsa gida biyu yana da hujja. Shawararmu ita ce a sayar da maza da tsofaffi, a bar matan da ke haihuwa. Kada a taɓa gona, kada a taɓa hatsin ci. A kuma rage wani abu a hannu don gyaran farko, domin babu motar hannu da ba ta neman sa.

Gazuwal na kwalba da jarka da ake sayarwa a bakin hanya, wani da ruwa a ciki, wani da ƙasa, wani an gauraya shi da kananzir. Famfon gazuwal da man yake samun santsi, gurɓatacce na cinye shi. In dole ta sa, a tace da ƙyalle mai tsabta. Lokacin hunturu kuma a riƙa kakkaɓe matatar iska a kai a kai.

Rayukan da ke ciki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023, kimanin mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa kowace shekara a hatsarin hanya, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asara. Mai mota yana da hannu a wannan tun daga yadda ya yi da direbansa. In ka yanka masa kuɗi masu yawa da dole ya kawo kowace rana, kai ka tura shi gudu da lodin wuce kima da tafiyar dare. Daga nan sai ƙwaya. Tramol maganin ciwo ne mai ƙarfi, likita ke ba da shi. Mai shan sa don ya kori gajiya yana iya faɗuwa farfaɗiya a kan sitiyari. Kafin ka ba mutum makulli, tambayi waɗanda suka yi aiki da shi, ka kai shi a auna masa ido. Ga raƙuma da jakuna na tsallaka hanyar Tanut da dare, ba fitila gare su ba.

Kaya a bisa rufi suna sa mota ta yi saurin kifewa a kwana, nauyi ya zauna ƙasa. Jarkar mai da buhun maganin ƙwari kada su shiga inda mutane suke. Salansar da ta huje, in ƙasan motar ma ya huje, hayaƙi cikin mota yake shigowa, ya sa ciwon kai da jiri da amai, ya fi cutar da jarirai da masu ciki da masu asma. A toshe shi kafin a ɗauki fasinja na farko. A buɗe tagogi ko da ana sanyi, musamman in akwai mai tari a ciki. A ajiye jarkar ruwan sha, da abin kashe wuta, da tayar canji mai iska, da akwatin bandeji.

Aikin aji

A wannan mako kowace cibiyar karatu ta aiki mutum biyu tasha mafi kusa, su tambayo kuɗin kujera zuwa Damagaram, da kuɗin litar gazuwal na ranar, da abin da kamasho ke karɓa, da sau nawa mota ke tashi a mako. Malami ya rubuta su a allo a madadin lambobinmu, kowa ya fitar da wata nawa motar miliyan 6 za ta yi kafin ta biya kanta. Wanda ke da amalanke mai tayar mota ya duba gefen tayar, ya kwafo lambobin nan huɗu a littafinsa ya kawo aji.